Alfarmar da Saratu Ta Yi wa Kawu Mode

Kawu Mode ya daɗe yana fama da ciwon ciki, har likita a Shagari ya rubuta masa takarda ya je birni a ɗauki hoton cikinsa da na'urar siti sikan. Ko a jikinsa. Ai Saratu, 'yar ƙanwarsa da ya rena a gidansa na Kajiji tun tana rarrafe, ita ce mai sarrafa na'urar a wani asibiti a Sakkwato. Duk kasuwar Shagari babu wanda bai san haka ba, don Kawu akwai baki in dai a kan Saratu ne.

Ranar Talata ya yi sammako ya biyo ta Bodinga, inda Saratu take aure, suka wuce tare. Hanya duk hira, yana tuna mata yadda take kuka in an ce za a yi mata allura, yau ga shi ita ke yi wa mutane.

Aikin Saratu ba danna maɓalli kaɗai ba ne. Kafin ta kwantar da mutum sai ta tabbatar da sunansa da takardarsa, ta tambayi cututtukan da yake da su da magungunan da yake sha, mace kuma ko tana da juna biyu. In hoton na buƙatar ruwan allurar nan mai haska kayan ciki, dole ta ga sakamakon gwajin ƙoda tukuna, domin ruwan na iya illata ƙodar da ta riga ta yi rauni. Shekara shida ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba.

To, hoton Kawu mai allura ne, kuma bai yi gwajin ba. Aka ce ko an ɗebi jini yanzu, sakamako sai gobe. Nan fa Kawu ya ɓata rai, ya baro albasa a fadama tana jiran ban ruwa.

"Ɗiyata, ina da ke cikin asibitin ga kuma in kwana jira? Ni lahiyata lau, cikin ga ne kawai."

Zuciyar Saratu ta karye. Ta duba takardar tambayoyi, ga batun fitsari a ciki: sau nawa, yana kumfa, yana raguwa? Kai, da wane baki za ta tambayi kawunta wannan? Kunya ta rufe ta. Ta cike takardar da kanta, babu, babu, babu, ta yi masa allura ta ɗauki hoton. Kawu ya fito yana ta sa mata albarka.

Abin da ba ta sani ba, shekara uku ke nan da aka gaya masa yana da ciwon suga, ya ɓoye don kada hankalin iyali ya tashi. Kullum kuma sai ya haɗiyi maganin ciwon jiki na masu talla, ƙafafunsa ma sun fara kumbura. Da ta zaunar da shi ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, da ya faɗa mata.

Bayan kwana uku matarsa Asiya ta kira tana kuka. Fitsari ya ɗauke, jiki ya kumbura, sai amai. Aka dawo da shi ranga-ranga. Likita ya ce da ma ƙodar ta yi nisa da lalacewa, allurar ta ƙarasa ta. Daga yanzu sai wankin ƙoda sau biyu a mako.

Saratu da ƙafarta ta je ta faɗa wa shugabanta abin da ta yi, aka dakatar da ita. Wannan bai dame ta ba kamar ganin Kawu, mutumin da ba ya zama wuri ɗaya, kwance a ɗakin baƙinta na Bodinga, ko buta sai an miƙa masa. Wata safiya ta durƙusa gabansa tana kuka, tana neman gafara.

Ya dafa kanta a hankali. "Tashi, ɗiyata, na yahe miki, ni na matsa. Amma da kin ƙi ni rannan, da fushin kwana guda za ni yi."

Jama'a, tambayoyi da gwajin da ma'aikacin hoto ke yi kafin ya kunna na'ura don kare ranku ne, ku amsa da gaskiya, ku daina neman a tsallake muku su. Kai kuma ma'aikaci, in kana son ɗan'uwanka, ka bi masa ƙa'ida ko da zai yi fushi da kai.