Kankanar Gangara

Surayya na zaune a zauren gidansu a Sabon Birni, waya a hannu, tana bin muryar malamar Jamusanci: "Apfel, tuffa. Wassermelone, kankana." Bayan Sallah za ta tafi Jamus karatun jinya.

Badaru, saurayinta, ya yi sallama, ya dire kankanar farko ta lambunsa na Gangara, toshin da ya saba kawo mata. Bai zauna ba.

"A kasuwa naj ji zancen tahiyarki," ya ce. "Ni ne na ƙarshen ji."

"Da na gaya maka, mi za ka ce?"

"In ce ki zauna." Ya harari wayar. "Tambaye ta sunan kanya da magarya. Ƙasar da ba ta san abin da kit tashi kina ci ba, can za ki?"

Ranta ya ɓaci. Ita ma ta nemi sunan kanya da Jamusanci ta rasa, abin ya tsaya mata a rai, amma ba daga bakinsa take son ji ba.

"Kai da ka san kanya, ka taɓa tambayata abin da nike so?"

"Ki zaɓa. Ko ni, ko wagga tahiya."

Ta sunkuya ta ɗauki kankanar, ta miƙa masa. Duk sun san budurwa ba ta mayar da toshi sai magana ta mutu. Ya mayar da hannuwansa baya, ya ƙi karɓa.

Sai ta dire ta a wajen ƙofar zaure, ta koma kan tabarma, ta danna wayar.

"Wassermelone," ta maimaita.