Ƙwayoyin Rezin Da Idon Mai Shinkafa

Namadi, kana ta yabon mutumin nan da kake son danƙa wa masana'antarka, wai fuskarsa da lafazinsa sun kwanta maka. To, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari mai zafin tsiya an yi masu injin shinkafa biyu maƙwabta, wani dattijo da wata mata. Dukansu da tururi suke turara shanshera, kuma abu ɗaya ne ya hana su sakat, wato ruwan rijiyar burtsatsen garin. Ruwa ne mai cin sabulu, ka cuɗa har hannunka ya gaji ba kumfa. Idan ya shiga tukunyar tururi sai ya bar farin ɓawo, irin wanda kake gani a tsohuwar butar mai shayi, ya yi ta taruwa har bututu ya toshe. Ita matar sau biyu tukunyarta tana tsayawa ana tsakiyar kaka. Manoman da ke kawo mata shanshera suka gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa in ta sake tsayawa bana, sun bar ta ke nan.

Maganin wannan ruwa shi ne rezin, wasu ƙananan ƙwayoyi kamar ƙwan kifi. Ana cika tanki da su, ruwa ya bi ta ciki, su riƙe abin da ke zama ɓawon nan su saki ruwa mai laushi. In sun ƙoshi a wanke su da ruwan gishiri, su koma aiki. Ana nan sai dillali ya zo da iri biyu. Ɗaya garai-garai yake, launin zuma, yana ƙyalli. Ɗayan kuwa dishi-dishi, fari-fari kamar alli, ba kyan gani ko kaɗan.

Dattijon nan ya tsufa a harkar shinkafa, kuma gaskiya idonsa bai taɓa cin amanarsa ba. A wurin mai shinkafa, ƙwayar da haske ke ratsawa ita ce mai kyau, mai kamar alli kuwa ita ce ke karyewa a inji. Ya ɗebi rezin a tafin hannu, ya ɗaga wa rana yadda yake yi wa shinkafa, nan take ya zaɓi mai ƙyalli. Har dillalin ya fara bayani, dattijon ya ɗaga masa hannu, wai ba a koya wa kifi iyo.

Ita ma matar zuciyarta mai ƙyallin ta so, don idonta ma na mai shinkafa ne. Amma tsoro ya koya mata hankali. Ta karɓi ɗan kaɗan daga kowanne, ta zuba a bokiti biyu, ta cika su da ruwan rijiyarta yadda yake, da ɗuminsa da tsatsarsa, har da hodar kulorin, maganin tsabtace ruwa da suke zubawa a tankin ajiya, ta ma ƙara yawanta. Ta ajiye su a kan kwanon rufi inda rana ta fi dukan wuri. Yau ruwan rijiya, gobe ruwan gishiri, haka ta yi ta juya su mako bayan mako. Dattijo ya riga ya haɗa nasa, injinsa na ta ruri, ita tana fama da bokitai. In ya wuce sai ya leƙo ya ce, “Hajiya, ya girki? In ya nuna a sammana.” Abin yana ƙona mata rai, amma ta ci gaba da juya bokitanta.

Ran da ta ga ya isa, ta sa hannu a bokitin farko ta murza. Masu ƙyallin nan sun tsattsage, wasu sun yi laushi suna narkewa a yatsa kamar dafaffen gero. Ta murza na biyu, munanan nan suna nan daram, ƙwaya ƙwaya, kamar yanzu aka zuba su. Ashe dishi-dishin nasu na ƙananan ƙofofi ne da aka yi su da su, don su jure zafi da magani da yawan wanki. Ta cika tankinta da su, ta sa matatar yashi a gaba don ta tare tsatsa.

Da kaka ta kankama, shanshera ta cika gari, inji ba hutu. Ana cikin haka ƙwayoyin dattijo suka dame suka toshe tankinsa, ruwa ya daina wucewa. Don kada aiki ya tsaya ya sa aka tura wa tukunya ɗanyen ruwan rijiya, ba a jima ba ɓawo ya shaƙe ta. Na tausaya masa ƙwarai, don ba rago ba ne, idon da ya ciyar da shi ne ya kai shi inda ba gonarsa ba.

Tukunyar matar kuwa ta yi ta huci tun daga buhun farko har na ƙarshe, ko tari ba ta yi ba. Manomanta ba wanda ya motsa, har na maƙwabcin suka biyo layi. Shi kansa dattijon ya turo tasa shansherar kada ta lalace, ta turara masa ba tare da ta tuna masa zancen girki ba. Da kaka ta wuce aka buɗe tukunyar don dubawa, ma'aikata suka taru suna leƙe. Ƙarfen ciki fes, ba ɗigon ɓawo. Matan da ke shanya shinkafa suka rangaɗa guɗa, ita kuwa dariya take yi hawaye na zuba, don daɗi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.