Ranar da Abbu Ya Juya Hagu

Ina shiga shagonmu ɗauke da shayi na ga Abbu, mahaifina, yana juya rima hagu.

Rima ita ce ƙarfen da ke daidaita huji, kuma dama kawai ake juya ta, ko wajen zarowa, don kada kaifinta ya lalace. Duk garinmu Gujranwala an san mahaifina, Ustad Inayat, ba ya yafe wannan kuskure.

Wani baƙo na tsaye a kansa, hannu cikin mayafi. Nan take na gane: alama Abbu yake yi mini cewa mutumin nan da makami ya zo.

Na ruga shagon maƙwabcinmu Baffa Liyakat. Ni da ba a jin muryata, ranar har da ihu. Maƙera suka fito, suka danne baƙon.

"Ku sake ni, jama'a! Famfo na kawo gyara!"

Hannun da ya ɓoye ɗaure yake da bandeji.

Baffa ya tuntsire da dariya. "Ke Rukhsana, digirin tsoro kika yi?"

Na waiwaya. Har yanzu hagu Abbu yake juyawa. Ya ɗago, ya yi mini murmushin da yake yi wa baƙi.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"