Farin Wata Mai Tari

Mai fassara ta dire takardun a kan teburin maɗaba'a, ranta a ɓace. Ta daɗe tana juya waƙoƙin Faransanci zuwa Turanci, irin waɗanda ake rubuta mafarki yadda ya zo, ba kai ba gindi.

"Malam, 'farin wata yana tari a aljihuna' na rubuta. Wa ya mayar da shi 'yana haske a sama'?"

Mai buga littafin ya sunkuyar da kai, yana murza tawadar yatsansa. "Ni ne. Gudu nake kada a yi miki dariya." Ya ɗan yi jim. "Kuma jiya na ga yayanki kan maganar aurenmu."

Ta dake.

"Yau waƙata ka gyara. In na shiga gidanka, ni ma gyara ni za ka yi?"

Ya jawo takardar, ya soke layinsa, ya mayar da nata. Sannan ya ɗago a hankali.

"Wallahi har yanzu ban gane ta ba."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "Ni ma haka. Ƙyale shi ya yi tarinsa."