Mutum Uku a Kan Ƙofa Ɗaya

Baban Rifkatu, na ji an ce jibi za ka hau dutse wajen sufaye, ka yi kwana uku kana addu'a a kan rigimarka da surukinka. Madalla. Amma ja kujera tukuna, in ba ka labarin wani manomi da ya riga ka hawa.

Shi wannan manomi gida ɗaya yake zaune da ƙanensa, gidan da ubansu ya bari, tsohuwarsu tana ɗakin tsakiya. Wata damina masararsa ta fara goyo, sai shanun noman ƙanen suka shiga gonar suka yi mata kaca-kaca. Kai, ranar unguwa ta sha ihu! Ya jawo mai unguwa har gona ya nuna masa ɓarnar, ya kira ƙanensa mugu a bainar jama'a, ya rantse sai an ja katanga an raba gidan biyu, kowa ya kama gabansa. Tsohuwa ta yi kuka, ta yi roƙo, ina! Aka sa ranar Asabar za a zauna. Kafin nan sai ya ce bari ya je gidan sufayen nan mabiya Waliyyi Benedik, masu doguwar riga da ba sa aure, ya roƙi Allah ya buɗe idon ƙanensa ya ga laifinsa. Ka ji fa, idon ƙanensa. Mota ta ajiye shi a gindin dutse, ya ƙarasa da ƙafa, yana haki yana bitar laifuffukan ƙanen tun daga na ƙuruciya.

Gidan ba wani abin kallo: coci, ɗakunan kwana, lambu, garke. Ƙararrawa ce mai mulki a wurin. In ta kaɗa, ko kana tsakiyar sara ne sai ka ajiye fartanya ka nufi coci, a rera Zabura, a koma bakin aiki. Magana kaɗan ce, abinci ma shiru ake ci, mutum ɗaya yana karatu sauran suna saurare. Baƙo kuma ba ya zaman banza, aka miƙa wa manomi fartanya aka tura shi lambun kabeji. Rana ta biyu da hantsi wani dogon sufi ya turo baro cike da taki, ƙararrawa ta kaɗa, ya saki baron ya wuce, ya bar ƙofar lambu a buɗe. Manomi ya gani da idonsa. Bai ja ƙofar ba, ai ba shi ya buɗe ta ba. Kafin a fito daga coci shanun gidan sun share kunya huɗu. Bawan Allahn nan bakinsa har ƙaiƙayi yake yi, ga shaida a hannu, ga dokar shiru.

Da aka shiga cin abincin rana, kafin kowa ya zauna, dogon ya fito tsakiya ya durƙusa ya ce, "Ni na bar ƙofa a buɗe. 'Yan'uwa, ku yafe mini." Manomi ya ce a ransa, yawwa, mai laifi ya kawo kansa. Sai mai kiwon shanun ya biyo baya, shi ma ya durƙusa, ya ce ya sake su bai leƙa lambu ba. Can sai uban gidan, tsoho mai ciwon gwiwa, ya dafa tebur ya sauka ƙasa da ƙyar, yana riƙe da wata ruɓaɓɓiyar igiya. Ya ce, "Mako uku ke nan da aka gaya mini igiyar da ke mayar da ƙofar ta tsinke, na ce sai gobe." Ashe al'adarsu ke nan. Wanda ya fasa abu ko ya jawo ɓarna, shi zai fito kafin a tambaye shi, kuma nasa kaɗai zai faɗa. Mutum uku a ƙasa saboda ƙofa ɗaya, ba wanda ya ambaci sunan wani. Suka tashi, aka zauna aka ci doya.

Shi kuwa manomi ya ture kwanon doyar gefe. Ya tuna cewa da rani shi da hannunsa ya sare shingen gonarsa don amalanken taki ya shiga, ya ce zai toshe kafar da ƙaya kafin ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, ya yi shuka, ya yi noman farko, kullum ta wannan kafa yake shiga. Ranar da ya kawo mai unguwa ma, a cikin kafar ya tsaya yana nuna ɓarna da sanda. Kunya ta kama shi har gumi. Bai cika kwana ukun da ya yi niyya ba, ya yi wa sufaye sallama ya gangaro.

Ya tarar ƙanensa bai jira Asabar ba. Zuciya ta ci shi, ya kai shanun kasuwa, ya sayo bulo, magina har sun kai katanga ƙirji. Manomi ya durƙusa gaban mai unguwa ya faɗi maganar kafar shinge. Ƙanen ya ce ya yafe, kuma ni na yarda ya yafe ɗin. Amma shanu sun tafi, siminti ya bushe. Har tsohuwar nan ta koma ga Ubangiji, in tana son ganin jikokinta na ɗaya ɓangaren, sai ta dogara sanda ta zagaya ta waje.

To, ka hau dutsenka lafiya, ka sa mu a addu'a. Sai dai kafin ka fara kai wa Allah ƙarar surukinka, ka dubi inda ƙafarka take, don masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.