Tabarmar Bayan Ɗakin Yara

Tunda kin ce aikin asibitin nan ya fara hana ki cin abinci, 'yata, zauna in ba ki wani labari da marigayiya mahaifiyarki ta sha ba ni, Allah Ya jiƙanta. Ba ta taɓa faɗa mini sunan mai labarin ba, ni ma ban tambaya ba.

A wani asibiti, zamanin da masu jinya ke sa farar hula mai sitaci, ake dafa allura a tukunya, akwai wata tsohuwar tabarma a bayan ɗakin yara, a gindin mangwaro. In an yi azahar sai su riƙa fita bi da bi, a cire takalmi, a miƙe ƙafa, a buɗe kwanon ɗanwake a sa hannu tare. Wadda yaro ya rasu a hannunta, nan take faɗa, a yi masa addu'a. In kuka ya zo mata ta yi abinta, ba mai cewa ta yi shiru. Sai aka kawo wata sabuwar nas, ga zafin nama ga tausayi. Ita abin bai kwanta mata ba. Ina ita ina ɗanwake, ga iyaye mata tsaye a baranda da 'ya'ya a kafaɗa, jiki kamar garwashi? Kullum aka zo kanta sai ta ce a tsallake ta. Har tsokanarta suke yi: "Waliyyiya, yau ma azumin ne?" Sai ta yi murmushi ta wuce.

Damina ta kankama, zazzaɓi ya cika gadaje, har a ƙasa ake shimfiɗa. Tana ta fama, duk abin da ta gani ta haɗiye. In ta koma gida ko magana ba ta iya yi. Rannan aka kawo wani yaro ya galabaita, sai an yi masa ƙarin ruwa maza-maza. Ta kama ɗan hannunsa tana neman jijiya. Ta soka, ba ta samu ba. Ta sake, ba ta samu ba. Uwar yaron ta zuba mata ido. Babbar sista, wata dattijuwa da tasowarta daga tabarma ke nan, ta karɓi allurar, nan take ta samu jijiya. Da ruwa ya fara ɗiga, ta ja ta waje ta ce, "Cire takalmin nan, 'yar nan. Yaran da suka rasu a hannunki kika binne su a cikinki, fito mana da su, mu ma namu ne." Ta zauna ta kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, tana kuka, ana yi musu addu'a. Da ta gama aka tura mata kwano, ta ci. Da la'asar aka kawo wani yaron, suka ɗaya ta yi ta samu jijiya. A ɗakin nan ta yi furfura, kuma har ta bar aiki iyaye ita suke nema.

To, ki ci abincinki, 'yata, ki kuma faɗi abin da ke ranki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.