Ɗalibar Layin Baya

Malam Firmin Delcasse yana tsakiyar koya wa yara waƙar bikin bazara sai magajiyar garinmu, Madam Peyrat, ta shigo da ma'auni a hannu ta hau auna bango. Ko sallama ba ta yi ba. Majalisa ta yanke shawarar mai da ajin kiɗa kantin cuku, don masu yawon buɗe ido sun fi son abin da za su ci a kan abin da za su ji.

A ƙuruciyarsa Firmin ya yi waƙa a gidajen shan kofi na Paris. Ya fitar da faifai guda ɗaya, rabin waɗanda aka sayar kuwa mahaifiyarsa ce ta saye. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya dawo gida ya kama koyarwa, yana rubuta waƙoƙin da ba mai rera su sai ɗalibansa, su ma don dole. Abu ɗaya ya rage masa na tinƙaho, kunnensa. Yakan ce ko tukunya ce ta faɗi a maƙwabta, zai gaya maka a wane sauti ta faɗi.

"Hanya ɗaya ce," in ji magajiya tana naɗe ma'auninta. "Lison Marchadier za ta zo bikin bana. In ta yabi ajin nan a gaban 'yan jarida, mun bar maka kayanka. Ai ɗalibarka ce, ko ba haka ba?"

Lison ce tauraruwar da muryarta ta cika rediyo, har mahauta na rera waƙoƙinta suna sara nama. Ɗalibar Firmin ce kuwa. Ita ce yarinyar da in ta ɗaga murya sauran yara ke ɓata hanya, har wata rana haƙurinsa ya ƙare ya mai da ita layin baya. Ya ce mata ta riƙa buɗe baki tare da kowa, amma kada ta kuskura ta bari sauti ya fito. Haka ta yi har ta gama makaranta. Yanzu ga shi makomar ajinsa na hannunta, kuma kowa ya san ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Ranar biki Lison ta iso cikin baƙar mota, da baƙin tabarau. Bayanta wata mata ce gajera mai jiki tana fama da jakunkuna, ta naɗe wuya da gyale duk da zafin da ake yi. Ba wanda ya kalle ta sau biyu. A wurin liyafa tsofaffi suka yi ta roƙon Lison ta ɗan rera musu ko baiti ɗaya ne a kan tebur. Ta yi murmushi, ta nuna maƙogwaro. Magajiya ta yi ta gyaɗa kai, wai haka manyan mawaƙa suke, ba sa zubar da murya a kan miya.

Firmin ya laɓe bayan mai gidan burodi, bai iya cin komai ba.

Da yamma dandali ya cika. Aka kunna fitilu, Lison ta ɗaga hannu, muryar ta tashi. Firmin ya baza kunne yana neman kuskure ko ɗaya da zai riƙe ya wanke kansa, bai samu ba. Murya ce mai kauri da taushi, numfashi a inda ya dace, ba gargada. Hawaye suka zubo masa, kuma ba na daɗi ba ne. Ashe kunnen da ya yi ta cika baki da shi ne ya rufe wa wannan baiwa baki. In haka ne, gara cukun.

Da tafi ya lafa, Lison ta kira sunansa. Ya tashi yana jiran a yi masa tsirara a gaban garinsa.

"Duk abin da nake yi a kan dandali," in ji ta, "wannan mutumin ne ya koya mini."

Dandali ya kaure da tafi. Magajiya ta riga kowa kuka, ta rantse wa 'yan jarida cewa muddin tana raye ba mai taɓa ajin kiɗa, wai dama ita ce ta fi kowa kare shi a majalisa.

Aji ya tsira, amma zuciyar Firmin ba ta kwanta ba. Ya kutsa bayan dandali, hula a hannu.

"'Yata, ki yafe mini. Kunnena ne ya cuce ni."

Lison ta cire tabarau ta sumbaci kumatunsa biyu. "Haba Malam, lafiyar kunnenka ƙalau. Ni dai ban taɓa saɓa umarninka ba."

Ta ja labule gefe don ta wuce. A kan kujera mai ɗaukar jakar nan ce zaune sharkaf da gumi, makirfo a cinyarta, tana kurɓar shayi da zuma don maƙogwaron da ya gama yi wa gari waƙa.